Wasiƙa Daga Bakin Kanal Zuwa Ga Masu Gida

Zuwa ga Kano Pillars,
Filin wasa na Sani Abacha,
Ƙofar Mata, Kano.



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yan wasanki da masu horar da su, har da direban da ke kwana a hanya da su da yaran da ke tsinto ƙwallo a bayan raga. Daga Kadawa nake rubuto miki, a ƙaramar hukumar Garun Malam, maƙwabtan Kura da Bunkure. Sana'ata noma ce: shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani, wani lokaci albasa idan kasuwa ta nuna alama. Ba ni da kujera a hukumarki, ban kuma taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar magoya baya ba. Abin da nake da shi rigarki ce rawaya guda biyu, ɗaya ta koɗe, sai shekaru masu yawa na bin labarinki a fili da rediyo.

Akwai zumunci a tsakaninmu da ba kowa ya lura da shi ba, bari in fara da shi. A 1990 aka kafa ki, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku suka zama ɗaya: WRECA, da Golden Stars, da Bank of the North. Sunan Alhaji Ibrahim Galadima ba ya fita daga bakin duk mai ba da wannan tarihi. To WRECA ɗin nan ai ƙungiyar hukumar ruwa ce ta Jihar Kano, hukumar masu gina madatsai da jan famfo. Mu kuwa a nan ruwa ne ya yi mu. Kafin a kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da zarar an kai dawa rumbu sai samarin ƙauyukan nan su rataya buhu su tafi cin rani. Da ruwan Tiga ya biyo ta Ruwan Kanya ya shigo babban kanal, ya rabu reshe-reshe har cikin gonakinmu, sai rani ya koma lokacin da baƙi ke zuwa mana neman aiki. Kin ga kashi ɗaya cikin uku na jininki na ma'aikatan ruwa ne. Da wannan dangantaka nake jin ina da bakin yi miki magana irin ta 'yan'uwa, mai daɗi da marar daɗi.

Kin san yadda muke bin ki daga nan? Ranar Lahadin da kike gida, mai hali yakan yi sammakon ban-ruwa, ya kwashe saifon ɗinsa kafin azahar, ya yi wanka ya fito bakin titin Zariya. Mota ta wuce Kura, ta wuce Karfi da hayaƙin masu gasa masara, ta haye gadar Tamburawa, sai Kwanar Dawaki, sai Na'ibawa. Daga nan a hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin ƙofa, da ɗan abin taɓawa, a shekarar da tumatir ya faɗi sai su cinye kuɗin kwando guda har da ɗoriya. Ba a dawowa gida sai bayan lisha. Wanda kuma layin ruwansa ya faɗo a ranar ba shi da zaɓi, don ruwan kanal ba ya jiran a tashi daga wasa. Sai ya jingina rediyo a kan kunya, ko ya saƙala waya a aljihun gaba, ƙafa cikin taɓo, kunne a Ƙofar Mata. Na sha jin ihu ya tashi daga gona zuwa gona kamar ana miƙa shi hannu da hannu, har wanda ba shi da rediyo ya san Pillars ta ci.

Kin kuwa ba mu ranakun da suka biya wannan ɗawainiya. Wanda bai yi wayo ba a 2009 ba zai gane girman abin ba sai an zaunar da shi. Al Ahly ta Masar ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka, ta riga ta ɗauke shi sau shida, ga Abutrika a tsakiyar fili, kuma da yawa daga cikin 'yan wasanta su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008. Ke kuwa ko shekara ba ki cika ba da ɗaukar kofin lig ɗinki na farko, na 2008, a hannun Kadiri Ikhana. Aka tashi 1-1 a nan gida Najeriya, kowa ya ce shi ke nan, wa ya isa ya je Alƙahira ya fito da rai? Kika je kika yi 2-2, ƙwallayen waje suka yi waje da mai kofi. Daren nan samari sun yi ta zagaya gari a kan babura, dattawan da ba su san adadin 'yan wasa a fili ba suna tambaya ko an yi sabon sarki ne. Kin kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ki da ci 5-0 a wasa biyu. Ya yi zafi, amma bai goge Alƙahira ba.

Sai kofin lig shekaru uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Sai watan Maris na 2015, da 'yan bindiga suka buɗe wa motarki wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja kina kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Muhammad. A masallacinmu an yi musu addu'a. Sai Asaba a watan Oktoba na 2018, wasan ƙarshe na kofin ƙalubale: kina gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka ukun, ta ɗauke kofi a bugun fenariti. Ban taɓa ganin mutane sun fita daga gidan kallo shiru irin na ranar ba, kowa ya bi duhu ya nufi gida ba sallama. Da shekara ta zagayo kika share mana hawaye a Kaduna, kika doke Niger Tornadoes a fenariti a hannun Ibrahim Musa, kika ɗauko kofin da Kano ta yi shekara 66 ba ta gani ba tun 1953.

Na kawo waɗannan ne don ki san mai maganar ba maƙiyi ba ne. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kirarinki shi ne Sai Masu Gida. Mukan faɗe shi da ƙarfi har maƙogwaro ya dushe, amma ban cika ganin mun tsaya mun auna nauyin kalmar ba. A garinmu ba a kiran mutum mai gida don kawai ya gina katanga. Ana duba abu biyu: yadda yake karɓar baƙo, da irin 'ya'yan da ya rena. A kan waɗannan biyun nake so mu yi magana.

Daga tsakiyar 2003 zuwa watan Agusta na 2015, shekara 12, wasa 202, ba a ci ki a gida ba a gasar lig, sai da Nasarawa United ta zo ta yi 2-1. Mun yi alfahari da wannan tarihi, har yanzu ma ina yi, domin na ga gumin da aka zubar a kansa. Amma na daɗe ina tunanin abin da shekarun nan suka shuka a zukatanmu mu 'yan kallo. Yaron da ya fara shiga fili yana ɗan shekara 8 ya kai 20 bai taɓa ganin an ci Pillars a lig a gaban idonsa ba. Ya tashi yana ganin nasarar gida gonar gado ce. Duk baƙon da ya zo ya yi canjaras to ɓarawo ne, alƙalin wasa kuma abokin satarsa. Wannan tunani shi ne ciyawar da ta fito tare da shukar, ba a kuwa nome ta da wuri ba.

Mun ga abin da ta haifa. A watan Afrilu na 2022, bayan kin daɗe kina aron fili a Kaduna, aka dawo da ke Ƙofar Mata kika karɓi Katsina United. Aka shiga fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta cire miki maki uku, ta ci ki tarar miliyoyin naira, ta mayar da wasanninki na gida Abuja. A ƙarshen kakar kika faɗa ƙaramar gasa, ke da ita Katsina United ɗin, da Heartland, da MFM. Ƙungiya mai kofin lig huɗu! Kin dawo a 2023, muka ce an sha magani. Sai ga watan Oktoba na 2025: Shooting Stars ta Ibadan ta farke a ƙarshen wasa aka tashi 1-1, aka sake tsallake shinge, aka doki alƙalai, aka ji wa baƙi ciwo, duniya tana kallo a waya. Aka sake cire maki uku, aka rufe fili, aka ce ki koma Katsina da wasa. Ki duba wannan da kyau. Garin da aka farfasa wa mota a 2022, shi ne ya shimfiɗa mana tabarma. Ranar da na ji labarin, kunya ta hana ni shiga musun ƙwallo a teburin mai shayi har kwana da kwanaki.

Ban ce alƙalan wasanmu waliyyai ba ne. Duk mai bin gasar nan ya ga fenaritin da ba shi da uwa ba shi da uba, ya ga ƙarin lokacin da ba ya ƙarewa sai mai gida ya ci. An yi mana a garuruwan wasu, kuma magoya bayan wasu suna cewa an yi musu a namu. Amma bari in ba ki misali daga aikinmu. A kanal ma akwai zalunci. Wanda gonarsa take kusa da ƙofar ruwa yakan sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi yana kallon shukarsa tana yaushi. Akwai mai tashi da tsakar dare ya toshe wa maƙwabci hanya. Ran mutum yana ɓaci ƙwarai. To amma duk wanda fushi ya kai shi ya ɗauki diga ya fasa bangon kanal don ya kwashi rabonsa da ƙarfi, ruwan ba gonarsa yake tsayawa ba. Ya malale a banza, a rufe ƙofa daga sama sai an yi gyara, mutum ɗari su rasa ban-ruwa saboda mutum ɗaya. Shi ya sa muke da shugabannin manoma da ƙungiyar masu amfani da ruwa, muke da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, a kai ƙara ko da za a daɗe ba a ji daɗin hukunci ba. Mai tsallake shinge ya doki alƙali mai fasa kanal ne. Shi ya huce, ya koma gida ya yi barci. Wanda ya biya kuɗin fushinsa shi ne ɗan wasan da ya yi mako yana atisaye aka zare masa maki a ofis, da mai sayar da rake da gyaɗa da ruwan leda a bakin fili, da ɗan adaidaita sahu, da irina da zai iya zuwa Ƙofar Mata ya dawo a yini ɗaya amma Abuja ta fi ƙarfin aljihunsa.

Na ji Ahmed Musa, babban manajanki a lokacin, ya fito ya ba da haƙuri bayan abin da ya faru, kuma ya kyauta. Abin da nake roƙo ya wuce haƙuri. Waɗanda suka yi dukan nan suna da fuska, fuskokin kuma suna cikin wayoyin jama'a. A gane su, a hana su shiga fili, wanda ya ji wa mutum ciwo ya amsa a gaban alƙalin kotu. Fili mai cin mutum dubu 16 a sayar da tikitin dubu 16, kada a ƙara ko ɗaya. A horar da masu tsaron ƙofa daga cikin magoya baya, waɗanda suka san 'yan unguwa da sunansu da sunan iyayensu, domin saurayi ya fi jin nauyin wanda zai iya kai ƙararsa gida a kan ɗan sanda mai kulki. Baƙi kuma a tarye su tun daga bakin gari, a raka su har su fita. Baƙonka annabinka, haka muka ji daga iyaye. Filin nan ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin ƙasashen Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Baƙi daga ƙasashe masu nisa sun zo sun tafi lafiya. Ɗan Ibadan da ɗan Katsina ba su fi su wuyar sauka ba. Ina so in kai ƙaramin ɗana ya ga Pillars da idonsa, uwarsa kuwa ta ce ba da yawunta ba sai ta ji an yi kaka guda ba a jefi kowa ba. Ban ga laifinta ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi daɗewa a raina.

Manomin Kadawa ba ya wasa da iri. Kafin a ga koren shinkafa ya rufe fili, an yi makonni ana renonta a ɗan ƙaramin bedi: a jiƙa iri, a yafa, a kula da ruwa kada ya yi yawa kada ya yi kaɗan, a kori tsuntsu, sai ta yi mako uku ko huɗu a cire a kai dashe. Haka tumatir. Wanda ya yi kasala ya ce zai sayi dashe a hannun mutane ranar da yake bukata, yakan biya da tsada, bai kuma san abin da ya saya ba sai ya fara 'ya'ya. Muna da babban darasi a nan ƙofar gidanmu. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, injuna sababbi fil. A shekarar ce tsutsar da muke kira sharon ta cinye gonaki, injin ya tsaya domin babu abin da zai niƙa. Komai kyan inji, abin da ke fitowa daga gona shi ke juya shi. Filin wasa da motar alfarma da sabuwar riga duk inji ne. Gonar ita ce yara.

Ba na ƙin baƙin 'yan wasa, Allah ya kiyaye. Ahmed Musa daga Jos ya zo miki yana matashi, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Holan, ya wuce Rasha da Ingila da Saudiyya, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, ya dawo ya sake sa rigarki a 2021 da 2024, har aka naɗa shi babban manajanki a watan Yuli na 2025. Wa zai ce masa baƙo? Chinedu Udoji a rigarki ya buga wasansa na ƙarshe kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a Kano a watan Fabrairu na 2018, kuma Kanawa sun yi kukansa kamar ɗan cikinsu. Junior Lokosa ya ci mana 19 a shekarar. Gidan kirki yakan mayar da baƙo ɗan gida. Amma dubi Rabi'u Ali, Pele, ɗan Kano, wanda ya haura shekara 40 yana ɗauke da ke a kafaɗa, yana buga bugun tazara kamar ya ajiye ƙwallon da hannu. Duk lokacin da ya ci sai in yi murna, in kuma ji faɗuwar gaba. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamata ya yi a ce akwai goma a bayansa suna jiran layi, kowa ya san sunansu tun suna 'yan shekara 15.

Na taɓa karanta labarin wani wasa da Amurkawa ke ji da shi, besbol, wanda ake dukan ƙaramin ƙwallo da sanda. Ban taɓa ganin an buga shi a ƙasar nan tamu ta Kura ba, amma labarin ya zauna mini domin maganar noma ce. Wajen shekarun 1920, ƙungiyar St. Louis Cardinals ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da attajiran ƙungiyoyin New York wajen sayen gwanaye. Sai shugabanta Branch Rickey ya bi ƙananan ƙungiyoyin ƙananan garuruwa yana sayen hannun jari a cikinsu, yana zuba yara masu tasowa, ana koya musu wasa iri ɗaya, wanda ya nuna sai a ɗaga shi mataki na gaba har ya iso babbar ƙungiya. A 1926 suka doke New York Yankees suka zama zakaru. Har yau duk manyan ƙungiyoyin wasan haka suke yi, kuma sunan da suke kiran waɗannan ƙananan ƙungiyoyi da shi a harshensu shi ne gona. Mutanen da suke da kuɗi kamar ƙasa sun yarda reno ya fi saye, balle mu.

Ba sai mun je Amurka ba ma. ASEC ta Abidjan ta buɗe makarantarta a 1994, daga ciki aka sami Kolo Toure da ƙanensa Yaya. Sadio Mane ɗan ƙauyen Bambali ne a kudancin Senegal, ƙauyen manoma irin namu, makarantar Generation Foot ta Dakar ta ɗauke shi. A nan gida, Remo Stars daga Ikenne take, garin da bai kai wasu unguwannin Kano yawan jama'a ba. Ta gina filinta, ta kafa makarantar yara, ta yi haƙuri, a 2025 ta ɗauki kofin lig a karon farko. Kofin da rabonki da shi tun 2014.

Zo ki ga gonar da nake faɗa miki. Da la'asar sakaliya, a filin firamare ko a gonar da aka gama yankan shinkafa, daga Kura zuwa Bunkure, Chiromawa, Dakasoye, Yadakwari, Dorawar Sallau, Gafan, ba garin da ba za ki iske yara sun kafa duwatsu biyu sun raba gari ba. Yaran da suka yini suna ɗaukar kwandon tumatir a ka, suna tsallake kanal da buhun taki, su ne za su buga awa biyu ba takalmi ba su nemi ruwa ba. Ƙarfi da numfashi Allah ya ba su, aiki ya ƙara musu. Abin da suka rasa mai koya musu tsayuwa a fili, da lokacin sakin ƙwallo, da wanda zai rubuta sunansu a littafi ya dawo baɗi ya tambaya ina wane.

Akwai wani yaro maƙwabcina, bahago, ban taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa a ƙauye ba. Idan ana gasar sallah, daga garuruwa ake zuwa kallonsa. Wani mutum ya zo da jaka da takardu ya ce shi ejan ne, zai kai shi gwaji ƙasar waje. Uban ya jinginar da rabin gonarsa ya ba da kuɗin fasfo da na jirgi. Daga ranar wayar mutumin ba ta sake shiga ba. Yaron yanzu yana lodin kwanduna a Kwanar Gafan, ya yi aure, gwiwa ta fara ciwo. Ba ke kika cuce shi ba. Amma da akwai sananniyar hanya, wadda kowane uba ya san ta, daga filin firamare zuwa ƙungiyar ƙaramar hukuma, zuwa ƙaramar Pillars, zuwa Ƙofar Mata, da mai jaka bai sami ƙofar shiga ba.

Kayan aikin ma ai ba daga sama za a sauko da su ba. Kina da ƙaramar ƙungiyarki. Ga makarantar wasanni da gwamnatin jiha ta kafa a Karfi, a nan ƙasar Kura, kan titin da motarki take bi duk tafiyar da za ki yi kudu. Ga gasar kofin Ramat ta matasa da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala. Ga tsofaffin 'yan wasanki da suka rataye takalmi, da yawansu suna zaune da ilimi a ka ba inda za su zuba shi. A raba su shiyya-shiyya, kowa a ba shi ƙananan hukumomi biyu ko uku, da babur, da ƙwallaye, da albashin da zai riƙe shi. Ruwa yana nan, gona tana nan, kanal ɗin da zai haɗa su ne ya rage a haƙa.

Kada kuma ki ɗauka zukatan yaran nan suna ajiye suna jiran ki. Ki shiga gidan kallo a Kura ranar Asabar ki ji yadda yaro zai lissafo miki 'yan benci na Arsenal da Madrid, da kuɗin da aka sayi kowa. Rigar Barcelona ta fi taki yawa a kasuwar ƙauye. Ban zarge su ba, abin da aka kawo musu har ƙofar gida suke so. Amma ranar da ɗan Bunkure ya fito a rigar rawaya da lamba a bayansa, ranar za ki ga motocin Bunkure sun yi jerin gwano zuwa Ƙofar Mata ba wanda ya yi musu shela. Ga kuma Barau FC ta hau babbar gasa a 2025, Kano ta zama mai ƙungiya biyu. Na yi murna da zuwanta, domin gari mai kasuwa biyu ya fi albarka. Sai dai daga yanzu yaron da kika yi jinkirin gani, akwai mai ganinsa. Dattawanmu har yau suna ba da labarin Raccah Rovers, wadda ta ɗauki kofin lig a 1978 Kano ta girgiza. Yau sai a bakinsu ake jin sunanta.

Abu na ƙarshe, a taƙaice. Ke mallakar gwamnatin jiha ce, da kuɗin jama'a ake riƙe ki, har da harajin da ake karɓa a kan kwandunanmu. Gwamnati kuwa tana da asibiti da makaranta da taki a wuyanta, kuma duk sauyin mulki yakan zo da sababbin shugabanni da sabon lissafi. Reno ba ya son haka, yana son wanda zai shuka ya kuma tsaya ya ga girbi. Al Ahly da kika fitar a Alƙahira tun 1907 take, 'ya'yanta masu kati su ke zaɓen shugabanta. Me zai hana a buɗe mana rajista, mu biya kuɗin shekara daidai ƙarfinmu, a ba mu kati da murya, a karanta mana lissafin shiga da fita? Mu nan mun saba. Muna biyan kuɗin ruwa, muna fita gayya mu yashe kanal mu sare kacala, domin mun san namu ne. Wanda ya san da kuɗinsa aka sayi kujera, shi ne zai fara riƙe hannun mai shirin ɓalle ta.

Ga gayyata, kuma da gaske nake. Idan an gama yankan shinkafar damina, kafin aikin tumatir ya kankama, ki turo mana ƙaramar ƙungiyarki ta buga da zaɓaɓɓun yaran Kura da Bunkure da Garun Malam. Mu za mu yi gayya mu share fili, mu daidaita shi, mu zuba layi, mu kafa raga. Masauki da tuwon shinkafa a wuyanmu, kuma na yi miki alkawarin ko ci nawa aka yi mana, da tafi za mu raka 'yan wasanki har bakin titi. Ki haɗo su da mai horarwa guda ɗaya mai ido, ya zo da littafi da biro, ya kuma faɗa mana ranar da zai dawo.

Allah ya tsare hanyarki, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya.

Wassalam.

Naki,
wani manomi mai goyon bayanki,
Kadawa.